Gidajen gwamnati: wa ake gina wa?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau da zafina na shigo, ku yi mini uzuri. Jiya bayan magariba yaron mai gidan da muke haya ya kawo wa maigidana takarda, wai in shekara ta zagayo haya ta tashi daga dubu 350 zuwa dubu 600. Ciki biyu da falo ne fa, a lungun da in an yi ruwan sama sai an naɗe ƙafar wando. Ko fenti ba a taɓa sake mana ba, rijiyar ma mu muka yashe ta da kuɗinmu. Ya ce in ba za mu iya ba akwai masu jira. Abin da ya hana ni barci shi ne ranar Asabar mun je biki ta hanyar Zariya, na ga gidajen nan na Kwankwasiyya da Amana a jere reras, wasu a garƙame, ciyawa ta kusa kai taga. Don Allah masana ku fahimtar da ni: gidajen da gwamnati ke ginawa, wa ake gina wa?

Jar Hula: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kawo mafita. Amma a yi adalci, wanda ya gina ya yi nasa. Tsakanin 2011 da 2015 Madugu Kwankwaso ya kafa birane uku, Kwankwasiyya da Amana a hanyar Zariya, Bandirawo a hanyar Katsina, da tituna da magudanan ruwa. Wanda ya gaje shi za a tambaya yadda aka yi suka zama kufai.

Ɗan Dawanau: An fara ke nan. Malam Jar Hula, da kuɗin wa aka gina? Ka manta rigimar da aka sha kan kuɗin 'yan fansho da aka zuba a ciki? Kuma ko ranar da aka yanke ƙyallen buɗewa, wane malamin firamare ne ya isa ya taya gida a Kwankwasiyya?

Jar Hula: Gara wanda ya gina da wanda ya yanka filin Idi da makarantu ya sayar.

Shugaban Zaure: Jama'a, baiwar Allah ta yi tambaya a kan matsuguni. Duk wanda ya sake mayar da ita jar hula da Gandujiyya zan goge. Baba Akawu, kana kusa? Wannan fagenka ne.

Tsohon Akawu: Ina nan, ɗana. 'Yata Maman Ilham, sannu da haƙuri. Tambayarki ta girme ki, don tun ina saurayi ake yin ta.

Da Shagari ya hau a 1979, gidaje na cikin manyan alkawuran NPN, abinci da matsuguni. Aka ce gida 40,000 duk shekara, kowace jiha 2,000. Har soja suka kifar da gwamnatin a ƙarshen 1983 ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka tsara ba a kammala ba. Dalili? Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Tarayya tana da kuɗi, ba ta da fili. Gwamnan da ba ɗan NPN ba me zai sa ya bai wa Shagari fili mai kyau ya yi suna a jiharsa? Sai a ja ƙafa, ko a nuna musu wani daji inda ba ruwa ba hanya. Kwangila kuwa ta zama ladan 'yan jam'iyya, mutumin da bai taɓa riƙe cebur ba ya wayi gari ɗan kwangilar gini.

A daidai wannan lokaci Lateef Jakande, gwamnan Legas, ɗan jam'iyyar adawa ta UPN, ya gina gidaje wajen 30,000 cikin shekara huɗu da 'yan watanni: Amuwo-Odofin, Abesan, Iponri, Isolo da sauransu. Har gobe jikokin ƙananan ma'aikata na ciki. Bambancin bai wuce biyu ba. Fili na hannunsa, kuma ya san wa yake gina wa, ya yi ƙananan benaye marasa ado a inda mota ke zuwa.

Mu ma nan an yi abin kirki a da. Kundila, Gwammaja, Ja'oji, a Kaduna Barnawa da Malali. Ni kaina gidan da nake ciki irin wannan ne, a albashi aka riƙa cira har na gama biya, ban taɓa jin nauyinsa ba. Amma ki lura, 'yata, ko a wancan zamanin ma'aikacin gwamnati ake gina wa. Mai facin taya da mai tura kura ba su taɓa shiga lissafi ba.

Ɗan Dawanau: Baba ka faɗi gaskiya. Mu 'yan kasuwa ba mu da takardar albashi, don haka a wajen gwamnati ba ma kwana, a tsaye muke barci.

Injiniya: Baba ya kawo tarihi, bari in kawo lissafi, don a nan gizo ke saƙar.

Shirin da ake yi yanzu shi ne Renewed Hope na gwamnatin Tinubu, wanda aka faro da Ahmed Dangiwa, mutumin Katsina, a matsayin ministan gidaje. A Fabrairun 2024 aka aza harsashin gida 3,112 a Karsana, Abuja, akwai na Kano ta wajen Janguza, sannan rukunin gida 250 a jihohi da dama. Wanda aka gina da kuɗin kasafi, mai ɗaki ɗaya, an sa shi tsakanin miliyan 8 zuwa 9. Wanda 'yan kasuwa suka gina da bashin banki ya haura miliyan 20.

Mu ɗauki mai arahar, miliyan 9. A ce ka yi sa'a ka samu rancen asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda ruwansa kashi 6 ne cikin ɗari, a biya cikin shekara 30. Duk wata za ka riƙa biyan kusan naira 54,000. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ƙa'idar masu ba da rancen kuwa kada biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Ke nan sai mai ɗaukar sama da 160,000 a wata ne zai cancanci ɗaki ɗaya. Ɗaki ɗaya fa, ba gidan mai 'ya'ya shida ba.

Shi kansa asusun, dokar 1992 ce ta kafa shi, ana cire kashi 2.5 na albashi. Ko a kan dukkan 70,000 ɗin aka cire, naira 1,750 ce a wata. Shekara 35 ta aiki ta ba ka 735,000. Yau ko fuloti ba za ta saya maka a Rijiyar Zaki ba. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne masinja da direba suna tara wa darakta kuɗin da zai ranta da sauƙi.

Maman Ilham: Innalillahi. Ashe ba mu muka rasa hanya ba, hanyar ce ba ta biyo ta ƙofarmu ba.

Malam Na Tsangaya: Injiniya, ka tsallake wani abu. Ko mutum na da albashin, kashi 6 ɗin nan ruwa ne. Da yawa daga cikin mutanenmu ba talauci ya hana su nema ba, tsoron riba ne. Na san wanda ya gwammace ya mutu a gidan haya da ya sa hannu a takardar. In da gaske ake, a yi tsarin ijara ko murabaha, a faɗa wa mutum farashi ɗaya ya biya a hankali. Tun 2012 bankin Jaiz ke aiki a ƙasar nan, ba sabon ilimi ba ne.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, haka ne, kuma akwai tsarin da kake biyan haya har gidan ya zama naka. Sai dai ko an cire ruwan gaba ɗaya, miliyan 9 a raba wata 360 naira 25,000 ce. Ta yi sauƙi, amma fa sai gwamnati ta yarda kuɗinta ya narke, don 25,000 ta shekara 30 masu zuwa wataƙila kuɗin cefanen yini ce.

Ɗan Mararaba: Ku zo Abuja ku ga ikon Allah. Ni ƙarfe biyar na asuba nake fita daga Mararaba don in isa ofis ƙarfe takwas, tafiyar da ba ta kai ta minti talatin ba in hanya a buɗe take. Rabin ma'aikatan birnin a Nyanya, Masaka, Suleja da Zuba suke kwana. Gwarimpa da aka gina zamanin Abacha, wadda ake cewa babu rukunin gidaje mai girmanta a Afirka ta Yamma, yau ƙaramin ma'aikaci ko ɗakin maigadi ba zai iya kamawa a ciki ba. Gidajen ma'aikata kuma da aka zo tsarin mayar da alawus kuɗi zamanin Obasanjo, El-Rufa'i na ministan Abuja, sayar da su aka yi. Wanda ya samu ya samu, na bayansa ko oho.

Sannan ku tuna gidaje 753 da kotu ta ƙwace a Lokogoma a Disambar 2024, rukuni guda, ana danganta shi da tsohon babban jami'in gwamnati guda ɗaya. Ni dai tun ranar na daina yarda cewa gidaje ne suka yi ƙaranci.

Bazazzagi: To ai shi ya sa wancan adadi na "gida miliyan 17 ake buƙata", wasu ma su ce 28, yake ba ni dariya. Fashola da kansa yana ministan ayyuka da gidaje ya ce ba shi da tushe. Kowa ya je ƙauyensu ya ƙirga gidajen da aka kulle aka taho birni.

Uwar Marayu: Ku maza duk kuna ta lissafin miliyoyi, ba wanda ya tambayi matan da za su zauna a ciki. Ni na zauna a irin gidan nan shekara huɗu kafin rasuwar maigidana, a wata jiha da ba sai na faɗa ba. Wallahi wanda ya zana shi bai taɓa shiga gidan Bahaushe ba. Ba zaure, ba soro. Baƙo ya yi sallama, ƙofa na buɗewa sai ga shi tsakiyar falo, ke kuma kina zaune ba mayafi. Ba tsakar gida. Ina za ki yi shanya, ina za ki ajiye turmi, ina za ki hura gawayi ranar da gas ya gagara? Kicin ɗin kamar akwatin ashana, an yi shi don mai dafa indomi. Banɗaki a cikin ɗaki, da masai irin na zama, a unguwar da famfo bai taɓa kawo ruwa ba. Sai ki sayi jarka ki zuba wa masai, ke ba ki sha ba.

Muna da abokiyar zama, ɗakunan kuma ƙofa na kallon ƙofa. Sauran labarin ku ƙarasa da kanku.

Shekara ba ta zagayo ba kowa a layinmu ya ja katanga, ya fasa nan ya toshe can, ya haƙa rijiya da shadda a waje. Kuɗin gyaran ya kusa gina wani gidan. Kuma wurin ba makaranta, ba kasuwa, ba asibiti, mai adaidaita in ya kai ki sai ya caje ki kuɗin dawowarsa. Haihuwata ta uku a hanya na yi ta.

Maman Ilham: Allah sarki Yaya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya marayu. Wallahi ban taɓa tunanin wannan ɓangaren ba, daga titi nake hango su ina haɗiyar yawu.

Birkilan Zamani: Hajiya ta gama magana. Ni da hannuna na rushe bangon irin gidajen nan ya fi a ƙirga. Kuma ku daina ganin fenti. Buhun siminti ɗaya in ana son bulo na kirki ba ya wuce 30 zuwa 35, amma aikin kwangila sai a buga 50 har da ɗoriya, ka sa farce ka kankare. Laifin ba na lebura ba ne. Kwangilar kafin ta iso hannun mai ginin ta bi hannu uku, kowa ya gutsiri nasa.

Siminti kuma shi ne uban tafiya. A 2023 muna sayensa wajen dubu biyar, har BUA suka yi shelar 3,500 daga masana'anta a watan Oktoba. Farkon 2024 sai ga shi ya haye dubu goma. Rodi, kwano, tifar yashi, duk suka bi bayan man fetur. Maman Ilham, ba kare mai gidanku nake ba, amma shi ma in kwanonsa ya yi yoyo a wannan kasuwar zai saya.

Maman Ilham: Malam birkila, ai da yana gyarawa da ban yi magana ba.

Injiniya: Ga inda nake so mu iso. Ni a ganina gwamnati ta daina gina gidan da aka gama, a miƙa mukulli. Duba Kano da kyau: Dorayi, Rimin Kebe, Kurna, Sheka, Bachirawa, Gaida, wa ya gina su? Talaka ne, da awon igiya, ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi, da kuɗin adashi da na sayar da akuya. Mutanenmu sun iya gina wa kansu, gidajen da suka gina sun ninka na dukkan gwamnatoci sau ba adadi. Abin da ba za su iya ba shi ne titi, kwalbati, ruwa, wuta, filin makaranta da takardar mallaka. Shi ya sa ake samun lungun da ko makara ba ta juyawa.

Kuɗin da za a gina gida 500 a raba wa masu uwa a gindin murhu, a yanka fuloti dubbai da su, a shimfiɗa hanya da magudana tun kafin mutane su tare, a ba da takarda cikin wata uku ba tare da an yi shekaru ana jiran sa hannun gwamna ba. Kowa ya gina daidai ƙarfinsa, da zaurensa da tsakar gidansa.

Tsohon Akawu: Injiniya, ra'ayinka mai kyau ne a takarda, amma na ga wannan rawar. An sha yanka filaye da sunan talakawa. Ranar rabo sai ka ga sunan kwamishina, matarsa, direbansa da jaririn da ba a yi suna ba. Wanda ya samu na gaskiya kuma, ɗiyarsa ta isa aure, sai ya kai wa dillali takardar. Cikin shekara biyar filin ya koma hannun mutum goma, su kewaye su jira ya yi tsada. Manomin da aka karɓe wa gona kuwa an ba shi diyyar da ba ta sayi buhun masara goma ba.

Injiniya: Baba, gidan da aka gama ginawa ma ai haka ake yi da shi, har ya fi sauƙin sayarwa.

Tsohon Akawu: Shi ya sa ni nake ganin kuskuren a sayarwar yake. Gidan gwamnati in an sayar sau ɗaya ya taimaki mutum ɗaya. In haya ake bayarwa mai rahusa, wannan ya samu ƙarfi ya fita, wani ya shiga.

Ɗan Dawanau: Baba ranka ya daɗe, haya a hannun gwamnatin Najeriya? Wa zai biya? Wanda ya shiga zai ce rabonsa ne na arzikin ƙasa. Ranar da aka zo tashinsa, ɗan majalisarsu zai zo da 'yan jarida. Wa kuma zai gyara in bututu ya fashe? Je ka ga barikin 'yan sanda ka dawo mu yi magana.

Bazazzagi: A Singafo fa kusan mutum 8 cikin 10 a gidan da hukumar gwamnati ta gina suke zaune, tun 1960 suke abin.

Ɗan Mararaba: Malam, Singafo duk ƙasar ba ta kai yawan mutanen jihar Kano ba, kuma mafi yawan filin ƙasar mallakar gwamnati ne. Can in ka ci kuɗin gini gidan yari za ka. Nan sarauta za a ba ka.

Ɗan Zongo: Gaisuwa daga Kumasi. Kada ku ɗauka ku kaɗai ne. Mu nan akwai Saglemi, kusa da Accra, an ranto dala miliyan 200 don gida 5,000, aka tsaya a wajen 1,500, mulki ya sauya daga jam'iyyar NDC zuwa NPP, aka bar su shekaru ba kowa ciki ana ta shari'a. Mu kuma a Zongo mai gida sai ya nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali doka wata shida ta ce.

Jar Hula: Shugaba ka yi haƙuri, magana ɗaya ba ta jam'iyya ba. A 2025 gwamnatin Abba ta ba waɗanda suka sayi gidajen biranen nan uku wa'adi, su tare ko su sa 'yan haya, in ba haka ba a soke. Wannan ai mataki ne.

Ɗan Dawanau: Mataki ne, na yarda. Amma ka ga ya tabbatar da tambayar Hajiya. Wanda sai an yi masa barazana kafin ya shiga gidansa, da ma ba matsuguni ya saya ba, ajiyar kuɗi ya yi.

Uwar Marayu: Ni dai inda na ga an gina wa wanda ba shi da komai shi ne Borno, gidajen da Zulum ke yi wa waɗanda Boko Haram ta raba da garuruwansu, irin na Ngarannam. Kyauta ake ba su. Sai dai kada Allah ya sa sai an ƙone garinku kafin ki cancanci ɗaki biyu.

Malam Na Tsangaya: Amin. Kuma masu hali su tuna akwai waƙafi. Ba masallaci kaɗai ake ginawa a samu lada ba, a layi ɗaya sai ka ga masallatai uku, ga gwauruwa da marayu ana watso musu kaya waje.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Maigidan ya je da mai unguwa da limamin layinmu wajen mai gidan ɗazu, da ƙyar ya sauko zuwa dubu 500, a biya kashi biyu. Mun karɓa, ba yadda za mu yi. Amma na yanke shawara, ɗan kunnena da kuɗin adashin da zan kwasa watan Rajab fili za su tafi, ko bayan gari ne. Akwai wanda aka yi mana tallarsa, awon igiya, ƙafa 40 da 40. Malam birkila, ɗaki ɗaya da banɗaki da katanga, bulo nawa zan tanada?

Birkilan Zamani: Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ki ƙiyasta bulo 400, banɗaki 150, katanga kuma sai na ga filin. Amma Hajiya kafin ki sayi bulo ko ɗaya, ku je da damina ku ga inda ruwa ke bi. Ku tambayi maƙwabta ko gonar gado ce, in haka ne duk magada su sa hannu a gaban dagaci, har matan. Sannan a duba a hukumar tsara birni ko titi bai biyo ta kai ba, kada ki gama a zo a shafa miki jan fenti.

Injiniya: Kuma ki fara da katanga da rijiya.

Uwar Marayu: Ki fara da zaure, ƙanwata.